Tambayi Likita: Yadda Bairos Ke Karɓe Ragamar Ƙwayoyin Gadonmu

Assalamu alaikum. Tambayoyin da na zaɓo wannan makon a ido ba su yi kama da juna ba: akwai ta sankarar bakin mahaifa, akwai ta ciwon hanta, da ta ƙanjamau, da ta kumburin muƙamuƙin wani yaro. Na haɗa su wuri guda ne domin tushensu ɗaya. Duk cututtuka ne da bairos ke shiga sel ɗin mutum, wato ƙananan ƙwayoyin da jiki ya ginu da su, ya juya aikinsu, kuma galibi sai an ɗauki shekaru kafin a ga ɓarnar a fili. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya.

Wani ɗalibin aikin jinya daga Katsina ya ce: Likita, an koya mana bairos ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. To ta yaya abu irin wannan yake fin ƙarfin sel ɗin mutum?

Ɗana, na fara da taka domin amsarta za ta sauƙaƙa mana sauran. Jikin babban mutum yana da sel kimanin tiriliyan 30. Ban da wasu sel ɗin jini marasa cibiya, kusan kowanne yana ɗauke da DNA, wato rubutun gado, iri ɗaya a cibiyarsa, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, kuma a ciki akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin. Sel ɗin hanta da na ido rubutunsu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne wane sashe ake karantawa, a wane lokaci, kuma sau nawa. Ka ɗauke shi kamar kundin fada: rubutu na nan cikakke, amma magatakarda ne ke zaɓar shafin da za a buɗe a karanta, da wanda za a bari a rufe. A cikin sel, wasu furotin ne ke wannan aiki. Wasu suna zama a kan DNA su kira injin karatu, wasu suna ɗaure sashen su hana a kai gare shi, wasu kuma aikinsu su ce wa sel ya dakata da rabuwa.

Bairos guzurinsa kaɗan ne. Na ciwon hanta nau'in B haruffan gadonsa kimanin 3,200 ne, namu kuwa biliyan 3. HIV, bairos ɗin ƙanjamau, ƙwayoyin gado 9 gare shi. Amma ba sai ya sake rubuta kundin ba. Ya ishe shi ya ƙera furotin ɗaya ko biyu da za su kama magatakarda. Wani furotin nasa yakan manne wa namu ya hana shi aiki, wani yakan sa wa namu alamar shara har sel ya lalata shi da hannunsa, wani kuma yakan kwaikwayi namu ya riƙa ba da umarni ba tsayawa.

Ta wannan hanya ma aka gano wasu daga cikin furotin ɗinmu mafi muhimmanci. A 1979 masu bincike a Ingila da Amurka suka tarar da wani furotin na sel manne da furotin ɗin wani bairos na birai mai suna SV40. Shi ne p53, wanda daga baya aka gane cewa a kusan rabin sankarar da ke kama ɗan Adam ana samunsa a lalace. Ka riƙe sunan, za mu sake haɗuwa da shi.

Wata uwa daga Zariya ta ce: Likita, an zo makarantar 'yata mai shekara 10 za a yi musu rigakafin sankarar bakin mahaifa, na hana. Yarinya ce ƙarama, ba ta san komai ba. Kuma yaushe sankara ta zama cutar da ake ɗauka?

Hajiya, tsoronki na uwa ne, kuma kin yi daidai da kika tambaya. Sankarar ba a ɗaukarta, abin da ke haddasa ta ne ake ɗauka. Bairos ne, sunansa HPV, ana samunsa ta hanyar saduwa, kuma ya yaɗu har yawancin manya, maza da mata, za su gamu da shi a rayuwa. Mace mai miji ɗaya tak tana iya samunsa. Ina so wannan ya zauna a zukata, domin kunyar da ake liƙa wa cutar tana hana mata zuwa asibiti har sai lokaci ya ƙure.

Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa ne suka ciro nau'in HPV 16 a 1983 da na 18 a 1984 daga naman sankarar bakin mahaifa, kuma ya sami lambar Nobel a 2008 a kan haka. Waɗannan nau'o'i biyu su ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100 na cutar.

Ga yadda abin yake faruwa. Bairos ɗin yana buƙatar sel mai rabuwa kafin ya iya kwafar kansa, alhali sel ɗin saman fatar bakin mahaifa sun riga sun daina rabuwa. Sai ya ƙera furotin mai suna E7, ya kama wani furotin namu, Rb, wanda aikinsa ya riƙe sel kada ya shiga rabuwa ba izini. Da Rb ya saki, sai ƙwayoyin gadon rabuwa su kunnu. A ƙa'ida nan take p53 zai ga abin bai yi daidai ba, ya tsayar da sel ɗin, ko ya umarce shi ya mutu. To sai bairos ya aiko da furotin na biyu, E6, ya sa wa p53 alamar shara, sel ya narkar da shi. Yanzu ga sel yana rabuwa, ba mai tsayar da shi, ba mai duba kurakuran da ake tafkawa wajen kwafar DNA.

Duk da haka, kusan mata 9 cikin 10 garkuwar jikinsu tana share bairos ɗin cikin shekara biyu ba tare da sun ma sani ba. Matsalar tana ga waɗanda ya daɗe a jikinsu. Shi kansa bairos yana da furotin E2 mai rage yawan E6 da E7. Idan ya daɗe, wani lokaci DNA ɗinsa yakan tsinke ya manne cikin kuromosom ɗin matar, kuma sau da yawa a kan E2 tsinkewar ke faɗawa. Daga nan E6 da E7 sai su yi ta kwarara. Kurakurai su yi ta taruwa, shekara 15 zuwa 20, kafin abin ya zama sankara. Ga mace mai HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 ma ya isa.

Shi ya sa ake yi wa 'yar shekara 10. Rigakafin ba ya korar bairos da ya riga ya shiga sel, hana shi shiga yake yi, don haka dole ya riga aure zuwa. An yi shi ne da furotin ɗin ɓawon bairos kawai, mai suna L1. Babu DNA ɗin bairos mai haddasa cuta a ciki, babu E6, babu E7. Wani bincike a Suwidin da aka wallafa a 2020, wanda ya bi mata kusan miliyan 1.7, ya nuna waɗanda aka yi wa kafin su kai 17 haɗarin sankarar ya ragu musu da kashi 88 cikin 100. An fara amfani da rigakafin tun 2006, an yi wa 'yan mata miliyoyi, kuma binciken da aka yi bai nuna yana hana haihuwa ba. Abin da na sani tabbas yana raba mace da haihuwa shi ne sankarar da ta kai a cire mahaifa. Najeriya ta saka shi cikin rigakafin yau da kullum a Oktoban 2023, allura ɗaya, kyauta, ga 'yan mata. Ki je cibiyar lafiya mafi kusa ki tambaya.

Ke ma Hajiya, idan kin kai 30, ki je a duba bakin mahaifarki. Ana ganin canjin tun bai zama sankara ba, kuma ana iya magance shi a zama ɗaya. A 2022 mata kusan 350,000 cutar ta kashe a duniya, mafi yawansu a ƙasashe irin namu, kuma wannan adadi yana damuna ƙwarai domin cuta ce da take ba da dogon lokaci a tare ta. Zubar jini bayan saduwa, ko bayan daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ba abin jira ba ne.

Wani magidanci daga Maraɗi ya ce: Na je ba da jini aka ce ina da ciwon hanta nau'in B. Ni lafiyata ƙalau, ko zazzaɓi ba na yi. Amma mahaifina ciwon hanta ne ya yi ajalinsa, cikinsa ya kumbura. Wani mai magani ya ce zai wanke mini shi cikin wata uku.

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Tarihin nan da ka bayar ya sa dole in yi maka magana kai tsaye: kana cikin waɗanda ya kamata a sa wa ido sosai, ko da ba ka jin komai. Hanta ba ta cika kuka da wuri ba.

Mai yiwuwa tun kana jariri ko ƙaramin yaro ka samu. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 bairos ɗin zai zauna masa har girma, alhali babban da ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne yake zame wa na dindindin. A wajenmu hanyoyin sanannu ne: daga uwa zuwa jariri, tsakanin yara a gida ɗaya ta ƙuraje da raunuka, askar wanzami da ba a tafasa ba wajen aski ko kaciya ko tsaga ko cire beli, reza ɗaya, allura ɗaya, da kuma saduwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa, don haka kada a ware maka kofi.

Dalilin da ba ya wankuwa shi ne wannan. Idan ya shiga sel ɗin hanta, DNA ɗinsa yakan wuce cibiya ya naɗe kamar zobe, ya zauna kamar ƙaramin kuromosom. Sel yana da wasu furotin, Smc5 da Smc6, da ke gane baƙon zobe su danne shi kada a karanta. Bairos kuma yana da furotin mai suna HBx. A 2016 masu bincike a birnin Jeniba na Suwizalan suka nuna HBx yana amfani da injin zubar da shara na sel ɗin kansa ya lalata Smc5 da Smc6, zoben ya buɗe, a ci gaba da karanta shi. HBx ɗin yana kuma taɓa hanyoyin da ke sarrafa rabuwar sel da gyaran DNA. Ban da haka, gutsattsarin DNA ɗin bairos sukan shige cikin kuromosom ɗinmu, wani lokaci kusa da ƙwayar gadon da ke ba sel damar rabuwa ba iyaka. Ga kuma yaƙin shekaru tsakanin garkuwar jiki da bairos, sel na mutuwa ana maye gurbinsu, tabo na taruwa har hanta ta ƙeƙashe. Shi ya sa nau'in B yake iya jawo sankara ko da hanta ba ta kai ga ƙeƙashewa ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu masu gyaɗa da masara. Idan an adana su da danshi suka yi fumfuna, ana samun guba mai suna afulatoksin. Gubar tana canza harafi ɗaya a wani gurbi sananne, na 249, a cikin ƙwayar gadon p53. Idan ta haɗu da bairos a hanta ɗaya, haɗarin sankara yana ninkuwa fiye da na kowannensu shi kaɗai. Ka sa a busar da amfanin gona sosai, a ɗaga buhu daga ƙasa, a tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don gudun asara.

Babu ganye ko sassaƙe da aka tabbatar yana cire zoben nan, kuma wasu jiƙe-jiƙen su kansu suna ƙona hanta. Ko maganin asibiti, irin su tenofobir da entekabir, hana bairos kwafar kansa suke yi, ba sa cire zoben, shi ya sa yawanci ake daɗewa ana sha. Amma suna rage ƙeƙashewa da sankara ƙwarai. Ba kowa ake ɗora wa magani ba. Sai an auna yawan bairos a jini, da sinadarin ALT mai nuna raunin hanta, da yanayin hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa sharuɗɗan fara magani a 2024, kuma tarihin sankarar hanta a dangi yana cikin abin da ake dubawa, don haka ka gaya wa likitanka labarin mahaifinka. Ka riƙa yin hoton hanta duk wata shida. Ka guji giya. A gwada iyalinka da 'yan'uwanka na ciki ɗaya, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi. Duk jaririn da aka haifa maka a yi masa allurar farko cikin awa 24, kada a jira suna. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma sankarar hanta a yaransu ta ragu a fili.

Wani ɗan kasuwa daga Kumasi ya ce: In bairos yana taɓa ƙwayoyin gado, ashe gaskiya ne allurar korona tana canza halittar mutum?

A'a, Alhaji. Allurar Pfizer da ta Moderna saƙo ne na ɗan lokaci, ana ce masa mRNA. A wajen cibiyar sel ake karanta shi, ba ya shiga inda DNA yake, kuma cikin kwanaki sel ya narkar da shi. Bairos ɗin korona ne ma yake yi wa sel kutse: furotin ɗinsa Nsp1 yana toshe injin ƙera furotin na sel, wani kuma, ORF6, yana tare ƙofar cibiya don kada saƙon neman agajin garkuwar jiki ya isa.

Wata baiwar Allah daga Kano ta ce: Shekara shida ina shan maganin HIV. Gwaji uku a jere an ce ba a ga ƙwayar a jinina ba. Na gaji da shan magani a ɓoye. Ko na warke ne in daina?

'Yar'uwa, na taya ki murna, wannan sakamakon haƙurinki ne. Kuma na fahimci gajiyar, ɓoye kwalba shekara shida ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma don Allah kada ki daina.

HIV yana dasa gadonsa cikin kuromosom ɗin sel ɗin garkuwa masu suna CD4. Kafin a karanta shi da ƙarfi sai furotin ɗinsa Tat ya janyo wani injin sel da ke tura karatu gaba, ya ɗora shi a kan gadon bairos. Wani furotin nasa, Nef, yana sauke alamomin da sel ke kafawa a bayansa don sanar da garkuwa cewa ya kamu. To wasu sel ɗin CD4 sukan koma hutu bayan sun kamu. A cikinsu babu isasshen Tat, sel ya ɗaure sashen, bairos ya yi shiru. Ba ya ƙera komai, don haka garkuwa ba ta ganinsa, magani ma ba ya samunsa, domin magani yana kama bairos ne lokacin da yake kwafar kansa. Irin waɗannan sel kaɗan ne, kamar ɗaya cikin miliyan, amma suna daɗewa. An ƙiyasta sai an haura shekara 60 ana shan magani kafin su ƙare. Duk ranar da ɗaya ya farka, Tat ya dawo aiki. Idan akwai magani a jini, abin ya mutu a nan. Idan babu, yawanci cikin 'yan makonni ƙwayar ta dawo, kuma yawan tsayawa da komawa yana koya mata jure wa magani.

Mutanen da aka tabbatar sun warke 'yan ƙalilan ne. Na farkonsu, Timothy Brown, an yi masa dashen ɓargo a birnin Balin na Jamus a 2007 saboda sankarar jini, daga wani mai bayarwa da sel ɗinsa ba su da ƙofar da HIV ke shiga. Aiki ne mai haɗarin rai, ba a yi wa mai lafiya irinki.

Ga abin da sakamakonki yake nufi: muddin kina shan magani kuma ba a ganin ƙwayar, ba za ki sa wa mijinki ta hanyar saduwa ba, kuma damar haihuwar jariri lafiyayye tana da yawa ƙwarai. Ki gaya wa ma'aikatan asibitinki gajiyar da kike ji. Suna iya ba ki maganin watanni a tafi ɗaya, su kuma haɗa ki da mata masu irin halinki. Ki nemi a duba bakin mahaifarki ma, domin mai HIV ana fara mata tun tana 25.

Wani kaka daga Garwa ya ce: Jikana ɗan shekara shida muƙamuƙinsa ya kumbura cikin mako biyu, haƙoransa suna girgiɗi. An ba shi maganin haƙori bai sauka ba, kullum ƙaruwa yake.

Baba, ku kai shi babban asibiti yau, kada a kwana. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba, ƙurjin haƙori ma yana kumbura fuska, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da wata sankarar yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Daga naman irin wannan kumburi ne aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a Landan a 1964, bairos na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, ta yawu ake samu, kuma yawancinmu ba ya yi mana komai. Yana zama a sel ɗin garkuwa masu suna B, furotin ɗinsa suna kunna musu ƙwayoyin gadon rabuwa, suna kuma hana su mutuwa lokacin da ya kamata. Garkuwar yaro takan riƙe shi. Amma inda zazzaɓin cizon sauro yake kama yaro a kai a kai, sel ɗin B suna ta rabuwa, masu sa musu ido kuma sun raunana. A cikin wannan hali wani sashe na kuromosom na 8 yakan tsinke ya manne a na 14, sai ƙwayar gadon rabuwa mai suna MYC ta faɗa kusa da wurin da ake karantawa dare da rana. Kumburin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wannan saurin nasa shi ne kuma ya sa yake jin magani. Sau da yawa kumburin yakan fara sauka cikin kwanaki da fara allurar sankara, kuma yara da dama suna warkewa sarai idan an zo da wuri aka kuma kammala zagayen magani duka. Kada a cire haƙorin, kada a tsaga, kada a yi ƙaho. Ku nemi a ɗebi ɗan naman a auna, a kuma yi hoton cikinsa, domin cutar takan fito a ciki ma. Idan kumburin ya sauka bayan zagaye na farko, kada ku ɗauke shi ku koma gida, ku tsaya har likita ya sallame ku. Sauran yaran gidan kuma su riƙa kwana cikin gidan sauro. Allah ya ba shi lafiya.